Lissafin dare a Shikago

Asabar.

Tun hantsi nake zaune kan taswirar Shikago da jadawalin fitowar rana da faɗuwarta. Abin da nake so in tantance yau shi ne dalilin da ya sa labarin mai bincike mashayin jini yake zama daram a zamanin 'yan fasa-ƙwaurin giya na Amurka, alhali idan aka ɗauke shi aka kai wani zamanin sai ya yi sako-sako. Inda na tsaya: takunkumin da ke wuyan jarumin shi ke ɗauke da labarin, kuma wancan zamani ya dace da kowane ɗaya daga cikin takunkuman.

Wanda ya tashi da labarin mayu kada ya haɗa maye da mashayin jini. Maye rayayye ne, kurwa yake kamawa. Mashayin jini kuwa, a tatsuniyar Turawa, matacce ne da ke tashi da dare, jini yake sha, kuma dokokinsa a ƙirge suke.

Aikin safe ya tafi ne a kan zaɓen shekara, domin ita ce tubalin farko. Haramcin giya ya fara aiki ranar 17 ga Janairun 1920, aka soke shi ranar 5 ga Disambar 1933. Wanda ya ajiye labarinsa a tsakanin nan ya samu mashaya ta ɓoye, da motocin giya masu shigowa daga Kanada cikin dare, da 'yan sandan da aka riga aka toshe wa baki. Wanda ya wuce 1933 dole ya sake wa 'yan daba sana'a, saboda giya ta halatta, kuɗin ya koma caca da karɓar kuɗin kariya da murɗe ƙungiyoyin ƙwadago. Shi ma Al Kapon, shugaban 'yan daban garin, bai dawwama ba: a Oktoban 1931 aka kama shi da laifin ƙin biyan haraji, aka yanke masa shekara 11. Marubucin da ya sa shi yana ba da umarni daga otal a 1935 ya rasa amincewar mai karatun da ya san tarihi, kuma irin wannan mai karatu shi ne ya fi sayen littafin.

Bayan azahar na koma kan lissafin awoyi, wanda a ganina nan ne zuciyar abin take. A Shikago daren Disamba yakan kai kusan awa 15, rana kan faɗi da misalin ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. A watan Yuni kuwa daren bai cika awa 9 ba. Jarumin da hasken rana ke hallaka shi yana da aikin awa shida a kan na bazara idan hunturu ne. Ga wani abu ƙarami mai daɗi: a Disamba yana iya tashi daga makwancinsa, ya yi sauri ya riski ofishin ajiye takardun filaye kafin a rufe da ƙarfe biyar. Minti arba'in ke nan, cikin dusar ƙanƙara, ga cunkoson masu tashi daga aiki. A Yuni wannan ƙofa a rufe take ruf. Kotu, banki, ofishin mai binciken gawa, duk da rana suke aiki. Don haka sai an ba shi abokin aiki rayayye, mai yawon rana, wanda ya san sirrinsa. Wannan abokin shi ne laginsa, don duk ɗan dabar da ya gane cewa harsashi ba ya cin maigidan, kan yaron zai koma.

Dokar ranar ma sai an zaɓe ta da gangan. A Dracula, littafin Bram Stoker na 1897, mashayin jinin yana fita da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Nosferatu, fim ɗin Jamus na 1922, shi ne ya yaɗa cewa hasken safiya na kashe shi. Ga labarin bincike, dokar mai tsanani ta fi amfani. Tana sa kowane babi ya zo da agogo a ciki. Mutum na tsaka da yi wa shaida tambayoyi a kudancin gari, alfijir ya kusa, makwancinsa kuma yana arewa, ga kogin Shikago a tsakani da gadojinsa masu ɗagawa idan jirgin ruwa zai wuce. Idan marubuci ya riƙe tsohuwar dokar nan ta cewa ruwa mai gudu na wahalar da shi, to kogin da tafkin Mishigan sun zama katanga.

Sai cimaka. Nan na fi daɗewa, saboda nan yawanci ake kwafsawa. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita biyar. Jarumin da ke shan na mutane duk dare zai bar gawa ko majinyaci a bayansa, kuma cikin 'yan makonni shi za a fara farauta. Ba kuma zai je ya saci jini a firjin asibiti ba, don ma'ajiyar jini ta asibitin gundumar Cook da ke Shikago, wadda Dokta Bernard Fantus ya kafa, sai a 1937 ta buɗe. Kafin nan galibi mai ba da jini ake kira idan buƙata ta taso. Mafitar da garin ya bayar ita ce babbar mayankar kudancin Shikago, wadda aka buɗe a 1865, inda a wancan zamani miliyoyin shanu da aladu da tumaki ke shiga duk shekara. Marubuciya P. N. Elrod, wadda ta fara fitar da jerin littattafanta a 1990 ta kuma ajiye jaruminta a Shikago ta 1936, can take tura shi cin abinci. Dabarar tana da kyau domin tana da farashi. Ka hango shi da kwat da malafa, ya tsallaka shingen katako cikin duhu, takalminsa ya nutse a kashin shanu, ya dafa wuyan saniya yana lallashinta har ta natsu. Bayan awa ɗaya kuma zai shiga gidan rawa, warin turke a jikinsa, mai gadi yana yamutsa hanci. Wannan ƙasƙanci shi ke sa mai karatu ya tsaya a bayansa. Ya zaɓi ya wulaƙanta da ya taɓa mutum, a garin da masu rai suka jera mutum bakwai a bangon gareji suka buɗe musu wuta ranar 14 ga Fabrairun 1929.

Wancan kisa ya kai ni ga batun hujja. Biyu daga cikin maharan kayan 'yan sanda suka sa. Calvin Goddard, masanin binciken harsashi, shi ne ya gwada harsasan da kwansonsu da madubin ƙara girma, ya danganta su da bindigogin Thompson biyu da aka samu daga baya a jihar Mishigan, kuma duk da haka ba wanda aka hukunta kan kisan. Kimiyyar zamanin ke nan: zanen yatsa, rukunin jini, alamar da bututun bindiga ke bari a jikin harsashi. Ta isa ta nuna hanya, ba ta isa ta rufe shari'a ba, balle a garin da ake sayen alƙali. A wannan giɓi mai bincike irin namu ke da amfani. Yana jin bugun zuciyar mai ƙarya, yana shinshino jinin da aka goge daga daɓe. Amma babu kotun da za ta karɓi hancinsa a matsayin shaida. Ya san wanda ya yi, sauran aikin shi ne nemo takarda, ko bindiga, ko bakin da zai yarda ya yi magana da rana tsaka.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan labari shi ne ikon juya hankali. In har jarumi zai kalli idon mutum ya sa shi ya amayar da gaskiya, to bincike ya ƙare tun babi na uku. Dole a sa masa iyaka tun farko, a nuna wa mai karatu, kada kuma a karya ta daga baya don a fita daga lungu. Iyakar da ta fi dacewa da zamanin ita ce kada ikon ya ci wanda ya bugu. A garin da rabin shaidu a mashaya ake samunsu, wannan kaɗai ya isa. Wata kuma ita ce mutum ba zai faɗi sai abin da ya yi imani da shi, ko da ƙarya aka shirya masa.

Da magariba na duba ƙananan abubuwa. Mashayin jini ba ya fitowa a madubi, ga shi madubi ya cika garin: bayan kantar mashaya, shagon aski, da na gaban direban tasi, wanda zai ɗaga ido ya ga kujerar baya wayam alhali ana yi masa magana. Dokar cewa ba ya shiga gida sai an yi masa izini ta haɗu da tagar leƙe ta ƙofar mashayar ɓoye, inda sai ka faɗi kalmar sirri ake zare sakata. Gawar da aka tsotse kuma likita zai gane ta, domin jinin mamaci yakan kwanta a ɓangaren da ke ƙasa ya bar shuɗin tabo cikin 'yan awoyi, wadda babu jini a cikinta ba za ta nuna wannan sosai ba.

Saura makwancin rana, wanda ban kammala ba. Ɗakin otal ba zai yi ba saboda masu shara. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ƙofar ƙarfe ya fi, sai dai irin ɗakunan nan su 'yan fasa-ƙwauri ke nema don ɓoye ganguna, su kuma jami'an haramcin giya ke fasawa da gatari, da rana. Gobe da shi zan fara.