Ba duk mai rubuta manhaja ba ne ya karanta kwamfuta

Duk shekara in sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, sai ka tarar an yi jugum a wasu gidaje nan Sakkwato. Yaro ya nemi Kimiyyar Kwamfuta a Danfodiyo, an ba shi Fiziks ko Lissafi. Ni malamin lissafi ne a sakandare, ina kuma taɓa rubutun manhaja da dare in an kawo wuta, shi ya sa kuken yakan biyo ta ƙofata. Wani dattijo maƙwabcinmu a Mabera ya tare ni bayan Magariba ya ce, "Malam, wanga Fiziks da anka ba yaron, mi za ya yi da shi?" Na ce, "Baba, a bar shi ya karanta, ba a rufe masa ƙofa ba." Ba lallashinsa nake yi ba, ina da dalili.

Akwai abin da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wadda aka bar rubutunta a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wani. Wayar Android da ke aljihunka a kan irinta take tafiya, wato Linux. Shi Linus Torvalds da ya fara Linux a 1991, gaskiya ɗalibin kwamfuta ne a Jami'ar Helsinki, yana da shekara 21. Amma in ka bi sunayen sauran waɗanda suka fara irin waɗannan manhajoji sai ka ga abin ya cakuɗe.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne John Hunter. Mai binciken ƙwaƙwalwa ne a Shikago, yana nazarin bayanan da ake ɗauka daga masu ciwon farfaɗiya. Manhajar da suke aiki da ita ta kuɗi ce, lasisi ɗaya tak gare su, a jikin wani ɗan makulli da ake soka wa kwamfuta. In wani ya ɗauka sai kowa ya zauna jira. Da abin ya ishe shi sai ya fara rubuta tasa, daga nan aka samu matplotlib a 2003, wadda yau ɗalibai da masu bincike a ko'ina suke zana jadawali da ita. Har waɗanda suka fitar da hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya a 2019 sun yi aiki da ita. Mutumin nan bai tashi da niyyar zama injiniyan manhaja ba. Jiran makulli ne ya gajiyar da shi.

Haka Django, manhajar gina shafukan intanet, wadda aka gina Instagram a kanta. A ofishin wata jarida ta garin Lawrence da ke jihar Kansas a Amurka aka ƙirƙiro ta, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara ta, Adrian Holovaty, aikin jarida ya karanta. Edita na son shafi ya hau kafin a tashi aiki, dole aka nemo hanyar yin abu da sauri, a 2005 suka sake ta ga duniya. Tim Berners-Lee da ya ƙirƙiro yanar gizo Fiziks ya karanta, haka Richard Stallman da ya kafa aikin GNU na samar da buɗaɗɗun manhajoji a 1983. Larry Wall mai Perl, wani yaren rubuta manhaja, ya yi ilimin harsuna. Wes McKinney ya fara pandas, manhajar nazarin alƙaluma, a 2008 yana aiki a kamfanin juya kuɗi. OpenMRS, manhajar ajiye bayanan majinyata da ta faro a 2004 saboda aikin asibiti a Eldoret ta Kenya, akwai likitoci a cikin waɗanda suka assasa ta.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa yana cikin yadda ake karɓar aiki. Ka ga matsala a wata manhaja a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, ka kwafi rubutun, ka gyara, ka tura. Sai shafi ya nuna layukan da ka cire da ja, waɗanda ka ƙara da kore. Na'ura ta gwada ko ka ɓata wani abu. Sannan wani daga cikin masu kula da aikin, wataƙila yana Jamus ko Indiya, ya bi layi-layi yana rubuta maka: nan ka maimaita, nan ba ka yi tunanin in akwatin babu komai ba, ƙara gwaji. Ka gyara, ka sake turawa. A duk wannan kai-komo babu inda za a ce ka kawo takardar digiri ko ta bautar ƙasa, babu mai tambayar ɗan gidan wa kake.

To amma kada in yi wa yara romon baka. Akwai wani likita a birnin Melbon na Ostireliya, Con Kolivas, aikinsa sa majinyaci barci kafin tiyata. Ya koya wa kansa har ya shiga gyaran ɓangaren Linux da ke raba wa ayyuka lokaci. Tunaninsa ya yi tasiri a kan tsarin da aka ɗauka a 2007, amma ba rubutunsa aka ɗauka ba, ya yi fushi ya janye a shekarar. Ƙofa a buɗe take, sai dai a ciki akwai manya, akwai kuma siyasa. Sannan yawancin gyare-gyaren da ke shiga Linux yau ma'aikatan kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat ne ke yin su, a bakin albashinsu. Likita a Melbon yana da wuta, yana da abin kai wa baki, shi ya sa ya samu daren da zai bayar kyauta. Yaron da ke kai wayarsa shagon caji a Runjin Sambo, yana lissafin data kamar mai awon gero da damina, ba daidai suke ba. Kuma in ya zo neman aikin gwamnati a nan, takarda za a fara tambaya, ba GitHub ba.

Duk da haka, abin da nake gani a labaran nan shi ne kowannensu ya zo da wata sana'a a hannu, ya san wata matsala tun daga tushenta. Mu ma muna da irinsu. Ma'aikacin da ke shigar da alƙaluman rigakafi a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta kuma ake aiki da ita a harkar lafiya a Najeriya, ya san inda fom ke wahalar da mutum in sabis ya ɗauke a ƙauye, abin da injiniya a Norway sai dai a ba shi labari. Wanda ya karanta fiƙihu ya iya rabon gado a mazhabar Malikiyya, in ya koyi yaren rubuta manhaja na Python, zai rubuta abin da mai digirin kwamfuta zalla ba zai iya ba, domin shi ya san wa ke katange wa. Wanda ya karanta Hausa shi zai lura cewa akwatin bincike na kasa gane ƙ da ɗ da ɓ, ko ya ba da muryarsa a Common Voice na Mozilla, shirin tara muryoyin mutane don koya wa na'ura jin magana, inda akwai Hausa. Likitan dabbobi da ke zuwa Kara ranar kasuwa yana da nasa.

Ga mai son gwadawa, shirin Google Summer of Code, wanda ya faro a 2005, yana biyan mutum kuɗi ya yi aiki da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin buɗaɗɗiyar manhaja na wasu makonni. Tun 2022 ba sai ɗalibi ba, muddin ka kai shekara 18 kuma sabon shiga ne. Ba kwas ɗinka suke bi ba, suna duba tsarin aikin da ka rubuto da 'yan gyare-gyaren da ka riga ka tura musu, saboda haka ba a jira sai an buɗe neman shiga sannan a fara.