Takardar da aka raba mana ranar farko a ajin maikro

Ƙannena da za ku shiga ajin maikro-ikonomiks karon farko, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Ni sau biyu na zauna a wannan kwas ɗin, ba don sha'awa na koma ba, faɗuwa na yi. Kuma abin da har yau yake min ciwo shi ne kusan duk abin da ya kayar da ni a rubuce yake cikin takardar da malamin ya raba mana ranar farko, wadda wasu ke cewa silabus wasu kwas autlain, ni kuwa na ninke ta na cusa a bayan littafi ban sake buɗe ta ba sai da aski ya zo gaban goshi.

Da na shiga ajin tunanina tattalin arziki ai hira ce, hauhawar farashi, darajar kuɗi, bashin gwamnati, rashin aikin yi, irin abin da kowa ke da ra'ayi a kai. Ashe duk wannan na makro ne. Maikro ƙasa yake saukowa, mutum ɗaya yaya yake zaɓar abin da zai saya, kamfani ɗaya nawa zai samar, kasuwar kaya ɗaya yaya farashinta ke tsayawa. Satin farko kuma sai ya ƙara ruɗa ta, domin abin da aka yi kawai shi ne abin hannu ba ya isa biyan duk buƙatu, don haka dole a yi zaɓi, kuma ainihin tsadar abin da ka zaɓa ita ce abu mafi kyau da ka haƙura da shi saboda shi. Na ce to wannan ai kowa ya sani, me zan zo in zauna ina ji. Daga nan na fara ɗauke ƙafa.

A takardar an rubuta cewa zuwa lakca dole ne kuma ana ɗaukar suna. Ni a matsayin barazana na ɗauki wannan layin, sai daga baya na gane bayanin yadda kwas ɗin yake ne. Akwai kwasa-kwasan da in ka rasa sati na uku za ka iya fahimtar na huɗu lafiya lau, maikro ba haka yake ba sam, gini ne bulo kan bulo. Diman da saplai, wato abin da masu saye ke shirye su saya da abin da masu sayarwa ke shirye su kawo a kowane farashi, a farkon semesta ake yin su, a kansu ake ɗora ilastisiti, wato yadda yawan saye ke canzawa in farashi ya canza, a kansu ake ɗora haraji da ƙayyade farashi da rarar mai saye da ta mai sayarwa, wato amfanin da kowannensu ke samu a cinikin, sannan a zo kuɗin samar da kaya, cikakkiyar gasa, da kamfanin da ya yi babakere shi kaɗai a kasuwa, kuma duk a kan zane guda na diman da saplai ake ta yin su ana ƙara masa layuka. Lakcocin da na tsallake su ne na wannan zanen.

Bari in tsaya a kan zanen don nan ne ramin da na fi zurmawa. Farashi a layin tsaye yake, yawan kaya a layin kwance. In ka zo da lissafin sakandare a kanka wannan zai ɗan juya maka, domin can an saba abin da ke jawo canji shi ake sawa a kwance, a nan kuma farashi da ake cewa shi ke jawo canjin yawan kaya shi ne a tsaye. Al'ada ce da ta bazu daga Alfred Marshall na Jami'ar Kambirij a Ingila, wanda littafinsa na 1890 ya daɗe ana koyarwa da shi, shi ne kuma ya kwatanta diman da saplai da bakin almakashi guda biyu, ba za ka ce na sama ne ya yanka takarda ko na ƙasa ba. Ba wani abu ba ne mai wuya, amma in ba ka zana shi da hannunka sau da yawa ba, a ɗakin jarrabawa za ka tsaya kana tunanin wane layi ne ke gangarowa wane ne ke hawa lokaci yana tafiya.

A tes ɗin farko aka tambaye mu, in kuɗin shigar mutane ya ƙaru me zai faru da farashin kaya da yawan da ake sayarwa. Ga abin da na rubuta, ina tuna shi sarai: diman zai ƙaru, sai farashi ya hau, da farashi ya hau diman zai ragu, sai farashi ya sauko, da ya sauko diman ya sake ƙaruwa. Na cika rabin shafi ina ta zagaye wuri ɗaya har ina jin na yi ƙoƙari. Malamin ya ja jan layi a ƙarƙashin jimla ta uku. Kuskuren shi ne na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. In farashin kayan da kansa ne ya canza, layin diman ba ya motsawa ko kaɗan, tafiya kawai ake yi a kansa daga wannan ɗigo zuwa wancan. Layin gaba ɗaya yana matsawa ne in wani abu daban ya canza, kuɗin shiga, sha'awar mutane, farashin wani kaya da zai iya maye gurbinsa ko wanda ake amfani da su tare, yawan masu saye, ko abin da suke zaton zai faru gaba. To a tambayar can, in kaya ne irin wanda ake ƙara saye idan hali ya ƙaru, layin diman ya matsa dama sau ɗaya, ya haɗu da layin saplai a wani wuri sama, farashi ya hau yawan kaya ya ƙaru, shikenan magana ta ƙare. An yi wannan a aji, da misalai, ba na nan.

Sai maganar lissafi. Takardar ta ce ana buƙatar aljabara na sakandare, na karanta na wuce. Ba lissafi ne mai zurfi ba, galibin kwasa-kwasan shiga ba su wuce warware lissafin layi, kaso cikin ɗari, gangaren layi da faɗin alwatika. Misali a ce maka yawan da ake buƙata 100 − 2P ne, yawan da ake kawowa 10 + 4P, P kuwa farashi ne, ka nemo inda suka daidaita. Ka haɗa su ka samu 90 = 6P, farashi 15, yawan kaya 70. Layi uku ne. Amma wanda ya rabu da irin wannan shekara biyu hannunsa ya yi tsatsa, kuma satin farko da ake ganin babu aiki shi ne lokacin goge tsatsar. In kun san kuna da rauni a nan don Allah kar ku ɓoye, ku zauna da shi tun da wuri.

Asainmen na sati-sati ma na raina su saboda makinsu kaɗan ne. Ku yi lissafin da ban yi ba. A ce guda 10 ne kowanne maki 2, in ka watsar da 6 maki 12 ka zubar tun kafin ka ga takardar jarrabawa, kuma 12 ya isa ya sauke ka daga wannan matakin sakamako zuwa na ƙasa. Ban da makin ma, asainmen ɗin su ne atisayen, irin tambayoyin da ke ciki su ne ke dawowa a jarrabawa da wasu lambobi. Ku duba me takardarku ta ce game da makara, wani malamin yana rage maki kowace rana, wani ba ya karɓa ko minti ɗaya bayan lokaci musamman in ta intanet ake turawa shafin ya rufe da kansa, wani yana yafe mafi ƙarancin maki guda ɗaya. Kowane malami da tsarinsa, kar ku ɗauki na ajin abokinku ku ɗora a naku.

Ilastisiti kuwa ta ci min maki ta hanyar da har yanzu nake jin takaici, don na fahimci abin, umarni ne ban karanta ba. Ma'anarta ai sauƙi ce, in farashi ya canza da kaso kaza, yawan da ake saye da kaso nawa yake canzawa, sai ka raba na biyu da na farko. A ce farashi ya tashi daga 10 zuwa 12, yawan da ake saye ya sauka daga 100 zuwa 70. Farashi ya hau da kashi 20 cikin ɗari, saye ya ragu da kashi 30, ka samu 1.5. To yanzu juya tafiyar, daga 12 zuwa 10 da kuma daga 70 zuwa 100, sai ka samu kusan 2.6, alhali ɗigo biyun nan dai su ne ba su canza ba. Saboda wannan ne malamai da yawa ke cewa a yi amfani da hanyar tsakiya, a raba canjin da matsakaicin lambobin biyu, wato 30 a kan 85 da 2 a kan 11, amsar ta fito kusan 1.9 ko ta wane ɓangare ka faro. Malaminmu ya rubuta a fili cewa hanyar tsakiya yake so a duk aikin kwas ɗin. Ni na yi ta ɗaya hanyar da na gani a wani bidiyo, tambayoyi huɗu a jere, duk suka tafi. Abin da ya sa wannan darasin ke da daɗi in ka kama shi, dubi cinikin mai kayan, da 10 sau 100 yana samun 1,000, bayan ya ƙara farashi 12 sau 70 ya koma 840. Ya ƙara kuɗi ciniki ya ragu, kuma haka ake samu duk lokacin da ilastisiti ta wuce 1.

Akwai wanda na fi jin kunyar faɗa amma gara ku ji. Wani sati da na dage na yi asainmen da kaina, abokina ya ce in tura masa ya ga yadda na bi, na tura. Ya kwafe har da wani kuskure da na yi a tebur ɗin kuɗin samar da kaya. Dukkanmu sifili aka ba mu, kuma takardar ta faɗa tun farko cewa wanda ya bayar da wanda ya kwafa hukuncinsu ɗaya. An yarda a zauna tare a tattauna, har ma ƙarfafa hakan ake yi, amma kowa ya koma ya rubuta nasa da hannunsa. Yanzu da manhajojin da ke amsa tambaya suka yi yawa, ku karanta me malaminku ya ce a kansu, in bai ce komai ba ku tambaye shi kafin ku yi amfani da su, kar ku yi zato. Kuma ko an yarda, ku tuna ranar jarrabawa daga ku sai biro sai kalkuleta, wayar ma ba a shiga da ita, don haka ku saba da kalkuletar da aka amince da ita tun a gida.

Tes na biyu rashin lafiya ya hana ni zuwa, da gaske nake kwance. Amma ban sanar ba sai bayan sati guda da na warke na je ina bayani. Ƙa'idar ta ce a sanar kafin tes ko cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade bayansa, tare da shaidar asibiti. Saƙo ɗaya na layi biyu daga kan gado da ya wadatar. A lokacin na ji haushin malamin sosai, na ce ba shi da tausayi, yanzu kam ba na ganin laifinsa, mutum ne da ɗalibai masu yawa a gabansa, in ya karya ƙa'ida saboda ni dole ya karya wa kowa, kuma waɗanda suka bi ta an cuce su kenan.

Daga nan na karaya, na daina zuwa kusan gaba ɗaya, na ce tunda maki ya riga ya zube me ya rage. A kwas ɗin nan kuwa akwai darasin da ke cewa abin da ya riga ya tafi kuma ba ya dawowa bai kamata ya shiga lissafin shawarar da za ka yanke yanzu ba, abin dubawa shi ne ƙarin da za ka samu da ƙarin da za ka kashe daga nan zuwa gaba. Da na buɗe takardar na haɗa makin da ya rage a gaba, da na ga har lokacin akwai hanyar tsallakewa. Ban haɗa ba. Na bari sai daren jarrabawa na kwana ina haddar ma'anoni, washegari na tarar da tambayoyin kusan duk zane ne da lissafi, a nuna inda kamfani zai tsayar da yawan kayansa, wato inda ƙarin kuɗin da guda ɗaya zai kawo ya yi daidai da ƙarin kuɗin samar da shi. Na haddace jimlar tsaf amma ban iya nuna wurin a zane ba.

Zuwa na biyu abin da na fara yi shi ne na kwafe duk ranakun tes da na miƙa asainmen a kalandar wayata, na kuma ja layi a ƙarƙashin kwanaki da awannin da malami ya ware don ganin ɗalibai a ofis. Wancan karon ko sau ɗaya ban taka ƙofar ba, ina ganin sai masu ƙoƙari ke zuwa ko kuma za a gane ban iya ba. Ranar da na fara zuwa mu biyu ne kacal. Na ce masa ban gane haraji ba, ya ce in zana masa diman da saplai tukuna. Na zana, ya ce in sa harajin in nuna farashin da mai saye ke biya da wanda ke shiga hannun mai sayarwa, na tsaya, ya jira bai karɓi biron ba. Da na lalubo, sai ya ce in sake zanawa amma layin diman ya miƙe sosai kusan a tsaye, in gaya masa wa ya ɗauki mafi yawan nauyin harajin. Ina gama zanen na gani da idona mai saye ne, domin shi ne ba shi da wurin gudu in farashi ya hau. Bai fi minti ashirin muka yi ba. Kafin in fita ya ce sati mai zuwa in zo da tambayoyin da na gwada na kasa, da takardar da na yi gwajin a kai, ko da duk gogewa ce.