Wasiƙa Daga Bronx: Shagon Burodin Bakin Layinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fatan kuna lafiya, ya iyali, ya haƙuri da mu.

Duk wanda ya kira ni a waya, bayan gaisuwa sai ya ce, "To wai me kuke ci a can?" Tuwo muna samu, domin a Bronx akwai gidajen abincin mutanen Ghana da Nijar da Gini. Amma abincin da ya fi riƙe ni tun zuwana birnin New York a 2015 daga wani ɗan shago yake fitowa, a kwanar layinmu, wanda faɗinsa bai kai zauren gidanmu ba.

Irin waɗannan shaguna bodega ake ce musu, kalmar Sifaniyanci ce da mutanen Puerto Rico suka yaɗa a birnin. Yanzu da yawansu na 'yan Yaman ne, har yaran unguwa suna kiran mai shago "Ok", wato akhi na Larabci suka gajarta. A gaba akwai madara da sabulu da katin waya, ga kyanwa kwance a kan kwali. Can ƙurya kuma ga faffaɗan kaskon ƙarfe da ba ya hucewa dare da rana.

Aikin dare nake yi, ina tashi ƙarfe biyar na asuba. Lokacin sanyi, sa'ad da yatsu ba sa ko lanƙwasuwa, da na tura ƙofa ƙamshin albasa ke fara tarbata. Ba sai na yi magana ba. Yaron da ke kan kasko ya san abina, chopped cheese, sanwicin da ake cewa daga wani shago a gabashin Harlem ya samo asali. Zai ɗora curin niƙaƙƙen naman sa, ya watsa albasa, ya riƙa sara da gefen cokalin ƙarfe, kaf-kaf-kaf, har naman ya warwatse. Sai ya shimfiɗa yankan cuku biyu a kai, ya tsaga dogon burodi ya kifa a saman naman don ya sha tururi da maiƙo. Da juyi ɗaya ya kwashe komai cikin burodin, ya sa latas da tumatir da mayonis, ya naɗe tam a takarda, ya raba biyu da wuƙa. Ni nakan ce ya ƙara mini barkono, domin harshen Bahaushe ba ya sabawa da lami. A tsaye nake ci, jingine da firjin lemo, takardar tana ɗumama mini tafin hannu.

Abin da ya fara kai ni wurin shi ne natsuwa. Mai shagon musulmi ne, ba ya ajiye naman alade, abin da ake soyawa da ƙwai da safe ma na talotalo ne ko na sa. Wanda bai taɓa tsayawa yana karanta bayan kwali yana neman abin da ya halatta ba, da wuya ya san daɗin wannan.

Abin da ya zaunar da ni kuwa mutunci ne. A wata na biyu da zuwana, ban samu aiki ba, na tsaya ina ƙirga tsaba a gabansa, ba su cika ba. Ya ture mini kuɗina, ya ce in kawo ranar da Allah ya hore. Ko rubutawa bai yi ba. A garin da maƙwabcinka zai shekara bai san sunanka ba, wannan bawan Allah yana tambayata lafiyar mahaifiyata. Wallahi nan take na tuna teburin mai shayin bakin tashar garinmu, da burodi da ƙwai, da littafin bashinsa da ya sha hannu.

Ranar 2 ga Fabrairun 2017 ce kaɗai na tarar da shagon a kulle. Kwana shida kafin nan shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar hana 'yan ƙasashe bakwai shigowa Amurka, ciki har da Yaman da Sudan da Somaliya. Masu shagunan suka ja ƙofofinsu daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, suka taru a gaban zauren hukumar Brooklyn, suka yi sallah a fili cikin sanyi. Na tsaya gaban ƙyauren tare da wata tsohuwa baƙar fata da ke sayen kofi a wurin kullum, muna karanta takardar da mai shagon ya liƙa. Matarsa da 'ya'yansa suna can Yaman a lokacin, ga yaƙi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa nuna mana damuwarsa a fuska ba.

Iyalin nasa sun iso daga baya. Babban ɗan ne yanzu ke tsaye kan kasko, kuma da azumi shi ke ajiye mini dabino uku cikin ledar sahur.

Idan wani cikinku ya bi ta tasha, ya gaishe mini da mai shayi, ya ce har yanzu ina sane da shi.

Naku,
ɗan uwanku a Bronx