Shekara huɗu ina raka Goggo wankin ƙoda

Goggona ƙanwar mahaifina ce, kuma duk danginmu babu mai ƙafar yawo kamarta. Tana da shekara 51 ta hau dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, ta dawo leɓɓanta duk sun tsage saboda sanyi, tana ba mu labarin yadda numfashi ke yi wa mutum wuya a can sama, ka yi taku uku ka tsaya kana haki. Muna yara, da zarar mun ga ta kakkaɓe tsohuwar jakarta, mun san sai bayan makonni za mu sake ganinta.

Hawan jini ne ya cinye mata ƙoda, a ɓoye, shekara da shekaru ba ta ji ciwon komai ba. Sai da ƙafafunta suka fara kumbura aka gano. Daga nan rayuwarta ta koma wankin ƙoda, sau uku a mako, kowane zama awa huɗu, kuma ni nake kai ta.

Na koyi aikin jinya da gaske. Na san ana auna nauyinta kafin a ɗora ta a na'ura da kuma bayan an sauke ta, don a san yawan ruwan da aka cire. Na san hannun da aka haɗa mata jijiya ba a gwada hawan jini a kansa, ba a kuma kwana a kansa. Ruwan sha ma ƙayyade mata aka yi, tunda jikin ya daina fitar da shi, sai in riƙa ba ta 'yar ƙanƙara tana tsotsa in ƙishi ya dame ta. Duk wannan na riƙe shi kamar karatu.

Inda na yi kuskure shi ne na mayar da ita mara lafiya kawai. Kullum maganata ɗaya: kin sha magani? Kada ki tashi. Ki kwanta ki huta. Wata rana muna dawowa daga asibiti ta dafa hannuna ta ce, "Ɗana, kana tsaron ƙodata, amma ni ka bar ni a baya." Na yi shiru har muka iso gida, domin gaskiya ta faɗa. Matar da ta taka saman gajimare, ni kuma na tsare ta tsakanin gado da ƙofa, wai ƙauna nake nunawa.

Washegari na tambayi likitanta abin da za ta iya. Ashe da yawa! A ranakun da babu wanki muka fara fita, ko da zagaye ne a mota, gilashi a buɗe, ita ke zaɓen hanya. Takan ce in bi titin da ba mu taɓa bi ba. A ɗakin wankin kuma na daina zama ina kallon bututun jini, na koma kunna waya ina naɗar muryarta tana ba da labarin tafiye-tafiyenta. Har sauran majinyata sukan matso da kunne. Na yi nadamar shekara biyun farko da na ɓata ban tambaye ta me take so ba, kuma har yau nadamar ba ta sake ni ba.

A watanninta na ƙarshe ko zaman mota ya gagare ta. Ta sa na ɗauko jakar nan na ajiye kusa da gadonta, takan ɗora hannu a kai in barci ya ƙi zuwa. Da asuba ta rasu, ina riƙe da hannun nan da ba a taɓawa. Allah ya jiƙanta da rahama.

Jakar tana wurina yanzu. Muryar kuwa sau ɗaya na iya saurara, inda take cewa saura ƙasashe biyu take son gani in ta samu sauƙi.