Kafin ka biya kuɗin ƙaramin jirgin ruwa na tirela

'Yan'uwa mazauna Jidda da ke tambaya kan ƙananan jiragen nan masu siffar jirgin jan kaya, irin su Ranger Tugs, ku fara duba ko motarku za ta iya jan nauyin kafin ku duba jirgin. Nauyin da kamfani ke rubutawa na busasshen jirgi ne. Ka ƙara mai, ruwan sha, batura da ita kanta tirelar, sai ka ga tan guda ya hau kai cikin sauƙi. Faɗin jirgin ya tsaya wajen mita 2.6, in ba haka ba hanya za ta ba ka wahala.

Bahar Maliya kuwa gishirinta ya kai kusan gram 40 a lita, tsatsa ba ta jira. Tirela ta zama ta alminiyum ko mai rufin tutiya. Ka bar boris ɗin taya ya huce kafin ka tura shi ruwa a Abhur, gaɓar tekun da ke arewacin Jidda, don ƙarfe mai zafi yana zuƙo ruwan gishiri ya lalata giris. Duk fitowa a wanke inji da birki da ruwan daɗi.

Jirgin na hannu ne? Kada ka yarda sai an ta da injin yana sanyi a gabanka, an buɗe famfon sanyaya inji ka ga robar da ke juya ruwa a cikinsa, sannan a gwada shi cikin teku. Takardun rajista da izinin Haras al-Hudud, wato masu tsaron iyakar Saudiyya, kuma a tabbatar da su tun kafin ciniki.