Alhamis: ƙunshin biki da jarrabawar Auta

Zafi ya sauko tun kafin rana ta ɗaga. Na buɗe shago wajen ƙarfe bakwai, na goge ƙurar da ta kwanta a kan farantan sola, na jona wayoyin da aka bari jiya da daddare. Ranar Alhamis ciniki kan yi sanyi da safe, don masu dabbobi sun yi sammako sun tafi kasuwar Maigatari, sai yamma su dawo da wayoyi a mace.

Ban daɗe da zama ba Auta ta kawo mini koko da ƙosai. Ta ajiye, maimakon ta juya sai ta tsaya tana murza gefen hijabi. Na san akwai magana a bakinta.

"Yaya, gobe fa ake ƙunshin amarya."

"To, Allah ya sanya alheri."

"Duk ƙawaye za a yi wa. Kuma ni ce babbar ƙawa."

A nan gabana ya faɗi, don saura kamar kwana goma sha biyu a fara JAMB, jarrabawar shiga manyan makarantu da za ta zauna. Lokacin rajista yatsunta goma aka ɗauka a na'ura, kuma ranar jarrabawa sai ta dangwala na'urar ta gane ta kafin a bar ta ta shiga ɗaki. Hukumar da kanta ta fito a 2025 ta gargaɗi ɗalibai su guji lalle a yatsu, saboda yana hana zanen yatsa fitowa. Jan lalle kuwa irin na Inna, wanda ake kwana da shi a leda, yakan haura mako biyu bai bar fata ba. Na faɗa mata haka. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, sai a ce don zan tafi makaranta na fara ɗaga kai." Ta ɗauki kwanon jiya ta tafi.

Maganar nan ta tsaya mini a rai har azahar. Amaryar tare suka taso, benci ɗaya suka zauna tun firamare. A aji biyar na sakandare aka yi kwalifayin, jarrabawar da wanda ya ci gwamnati ke biya masa kuɗin jarrabawar gama sakandare, Auta ta haye, ita ba ta haye ba, gidansu kuma babu halin biya mata kuɗin NECO. Daga nan hanya ta rabu. Auta ta fito bara da kiredit bakwai har da Turanci da Lissafi, burinta makarantar jinya ta Birnin Kudu. Na fahimci ba adon ne ya dame ta ba. Ba ta son ƙawarta ta ga hannunta fari ranar biki ta ɗauka an bar ta a baya har a zuci.

Bayan sallar azahar majalisa ta haɗu a gindin darbejiyar ƙofar shago kamar kullum. Malam na kimiyya ya biyo daga makaranta da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka don a saka mata caji, Kawu yana kishingiɗe a tabarma da rediyo, sai wani abokina ɗan acaɓa da ya zo shan inuwa. Ni na jawo zancen, na ba su labarin lalle. Kawu ya tashi zaune.

"Wai ni Malam, jarrabawar nan guda nawa ce? Bara an ce ta ci. Bana kuma an ce za ta sake."

Malam ya shiga lissafa masa da yatsu: ta fita firamare, ta aji uku, kwalifayin, sannan WAEC ko NECO, sannan JAMB, bayan nan wasu jami'o'in su sake tantance nasu. Ya ce WAEC tun 1952 take, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu Turancin Ingilishi ce, NECO kuma tamu ce ta gida, an kafa ta a 1999, hedikwatarta na Minna. Su biyun shaida suke bayarwa cewa yaro ya gama sakandare. JAMB, wadda aka kafa a 1978, aikinta raba gurabe, don masu nema sun fi kujerun yawa.

Kawu ya ce shi dai a saninsa buhun gero sau ɗaya ake auna shi a Gujungu, in an ɗinke baki shi ke nan.

Malam ya yi dariya, ya ce, "Kawu, ai gara a auna da kwano ɗaya. Ranar da aka ce kowace makaranta ta auna da nata kwanon, ɗan talaka ya shiga uku, don sai wanda ya san wani. Yanzu kuwa ɗiyarka da ɗiyar kwamishina tambaya iri ɗaya, lokaci ɗaya, kuma na'ura ce ke maki, ba ta san sunan uban kowa ba."

Na yarda da Malam a nan, har zuciyata. Amma akwai abin da na sani wanda kwanon bai aunawa. Tun 2015 aka daina JAMB a takarda gaba ɗaya, sai a kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. In ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. Ni a 2017 na zauna, kuma ranar ce rana ta farko da na taɓa zama gaban babbar kwamfuta. Na san amsar tambayar farko sarai, amma hannuna rawa yake, ina tsoron in taɓa wani wuri komai ya goge. Kafin na sake jiki kusan minti goma sun wuce. Minti goma tambaya goma sha biyar ke nan. Yaron da ke kusa da ni, da ganinsa ɗan birni ne, yatsunsa kawai ke tafiya. Ban ce ya fi ni karatu ba, ban ce na fi shi ba, amma shi jarrabawa ɗaya ya yi a ranar, ni biyu na yi.

Abokina ɗan acaɓa ya ce shi sau uku ya zauna, mafi yawan abin da ya samu 168 cikin 400, daga nan ya haƙura ya karɓi babur. Ya faɗa ba tare da ɗaci ba, amma ya sunkuyar da kai. Malam ya ce masa kada ya ɗauka shi kaɗai ne: a 2025 cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. A shekarar ne ma aka sami matsalar na'ura a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa yana hawaye, aka sake wa kusan mutum 380,000. Ya ce kuma a shekarar 150 aka tsayar mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 na makarantun jinya, 100 na kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, don haka da irin makinsa akwai ƙofar da za ta iya buɗuwa a Gumel ko Kazaure ko Haɗeja. Abokina ya ce babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa wannan bayanin. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a hirar yau.

Kafin a watse na roƙi Malam aron kwamfutarsa ranar Lahadi da yamma. Yara biyar ne a garin nan za su zauna bana, uku mata. Akwai manhajar tambayoyin baya a ciki wadda ba ta buƙatar intanet. Ya ce in dai zan cika mata caji, ya bayar, shi ma zai zo ya zauna da su.

Da la'asar masu Maigatari suka fara dawowa, shago ya cika, ban sami kaina ba sai magariba.

A gida na tarar Auta ta riga ta kai ƙarata wurin Inna. Inna na tankaɗen lallen gobe a faranti, ta saurare mu duka biyun ba ta katse kowa ba. Sannan ta ce, "Wannan ne abin ɓacin rai? Ina ce cikin yatsa na'urar ke dubawa, ba bayan hannu ba?" Na ce haka ne. Ta ce to ai da salatif ake fitar da zanen ƙunshi dama. A naɗe mata kan yatsun goma da shi tun daga gaɓar farko, a yi mata ƙafa duka, a zana bayan hannu har wuyan hannu. Wanda ya tambaya a ce sabon yayi ne. Baba da ke alwala a gefe ya ce, "Kun ji, mai abu ta yanke." Auta ta rufe fuska da hijabi tana dariya. Ni da na yini ina juya magana ban hango wannan ba, Inna ta warware ta kafin ta gama tankaɗe. Na dai roƙa a ninka salatif ɗin, kuma kada a kusanto da baƙin dayis wajen yatsu.

Ga yadda ƙarshen makon ya tsaru. Gobe Juma'a ƙunshi. Asabar da hantsi ɗaurin aure, amma kafin nan Baba yana son mu kai amalanke biyu na taki gonar gabas, don an gama sharar gona kuma hadari ya fara leƙowa da yamma. Mata suna yini, da daddare a kai amarya ƙauyen mijin. Lahadi da sassafe ni da Kawu za mu kai ɗan akuyar Auta kasuwar Gujungu. Ita ta ce a sayar, nata ne, tun yana ƙarami take kiwonsa. Kuɗin na mota ne da abinci, da abin da za a riƙe ko za a ba ta zaman sassafe a Dutse, don in haka ta faru dole mu kwana a can gidan Gwaggo. Sai takardar jarrabawa ta fito za mu san rana da cibiya. In mun dawo daga kasuwa, ƙarfe huɗu yara su haɗu a shago.

Bayan isha na samo kwalin taliya na zana mata madannan da za ta yi aiki da su: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki in an gama. Na ja mata kunne kada yatsanta ya je kusa da S sai ta duba komai. Na kunna fitila, na buɗe tambayoyin Kemistiri 40 a wayata, ina karantowa tana danna kwali, agogo na tafiya. Ta gama cikin minti 31, ta ci 23. Ya kamata ta sauko ƙasa da minti 27. Wajen lissafin sinadarai take daɗewa, na rubuta lambobin tambayoyin don Malam ya duba su ranar Lahadi.

Ta tafi kwanciya tana tuna mini in sayo salatif da safe kafin na buɗe shago. Guda biyu ta ce, mai faɗi.