Tsohon Garin Idanre, Can a Ƙoƙoluwar Dutse

Duk wanda ya ce maka ya hau Idanre, tambaye shi ko ya kai fada. Da yawa iyakarsu ƙarshen matakala: su ɗauki hoto, rufin kwanon gari a bayansu, su juyo. Alhali abin kallon yana gaba. Gari ne sukutum, da fadarsa da kotunsa da makarantarsa, wanda masu shi suka kwashe kayansu suka sauko suka bar wa daji.

Yayana ne ya kai ni. Yana harkar goro a Akure, babban birnin Jihar Ondo, tun ina firamare, amma bai taɓa taka dutsen ba sai da na je masa hutu na hana shi sakat. Daga Akure tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Lokacin kakar koko ne, ko'ina an shanya shi a bakin titi a kan tamfol, tsaminsa na shigowa har cikin mota. Sai kawai duwatsu suka taso mana, baƙaƙe, sulɓi, wasu kansu a cikin hazo, sun yi wa garin Odode zobe. Ni da na tashi ina kallon Kufena a Zariya na ɗauka na san dutse. Waɗannan daban suke, don duk inda aka samu tsaga ko kwari, kurmi ya cike shi maƙil.

A ƙofa aka karɓi kuɗin shiga, aka haɗa mu da ɗan jagora, wani saurayi ɗan garin mai ɗan guntun Hausar kasuwa. Matakalar ta haura 600. Wasu su ce 660, wasu 682, kuma duk wanda ya fara ƙirga yakan bari kafin rabi. Akwai rumfunan hutawa biyar. Tsayin bai kai zufa wahalarwa ba: iskar kudu jiƙe take, gumi ba ya bushewa, riga ta manne maka a baya. A rumfa ta uku Yaya ya zauna ya cire hula yana fifita da ita.

"Kai dai ka ja mana," in ji shi. "Mutum da girmansa."

Ɗan jagora ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kakata da tulu a ka take hawa, kuma lokacin babu siminti."

Wannan maganar ta fi duk bayanin da ya yi mana daga baya. Matakalar ta masu yawon buɗe ido ce. Mutanen da suka rayu a sama ɗaruruwan shekaru, ta tsagar dutse suke bi, da doya da itace da goyo. Ba don sha'awa suka zaɓi haka ba. Zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi, wurin da mutum ɗaya zai iya tare hanya da sanda ya fi gona mai albarka daraja. Da ƙura ta lafa, hanyar mota ta zo, koko ya zama kuɗi, sai tsaron ya koma wahala zalla. A shekarun 1920 suka fara sauka, wasu suka kafa Alade, wasu Odode a gindin dutsen. Wa zai hau da buhun koko sama, ya kuma sauko da shi ranar kasuwa?

Da ka gama matakala sai ƙasa ta shimfiɗe, abin da ban zata ba. Hanya ce siririya tsakanin ciyawa da manyan itatuwa, wani wuri a kan falalen dutse, wani wuri cikin inuwa mai sanyi har ka ji gumin ya fara ɗaukewa. Ginin farko da muka tarar makaranta ce ta jar ƙasa, daga ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da 'yan mishan suka iso. Baƙi sun cika bangon da sunayensu, da gawayi da ƙusa. Wannan ɗabi'a ban san inda muka samo ta ba. Mutum ya sha wuyar hawa, sai ya rasa abin yi sai ɓata bangon da ya girmi kakansa. Gaba kaɗan ga tsohuwar kotu, kusa da ita ɗan ɗakin da ake tsare masu laifi, matsattse, ba taga ta kirki.

A fadar Owa, wato sarkin Idanre, na fi daɗewa. Gini ne gajere, sai ka sunkuya za ka shiga. Ciki tsakar gida ce a buɗe, baranda ta kewaye ta, ginshiƙan katako sassaƙaƙƙu suna riƙe da rufi. Na tsaya gaban ɗaya ina duba: siffar mutum ce, fuskar ta sha hannu da shekaru har hanci ya kusa shafewa, gara ta ci gindin, amma tsagen kumatu na nan raɗau. A wani lungu an tara ƙoƙunan kan shanu. Ɗan jagora ya ce kowace shekara ana yanka saniya a ajiye kan, da haka ake sanin shekarun da sarki ya yi a kan gado. Yaya, ɗan kasuwa, nan take ya fara lissafin kuɗin shanun.

Abin da ya dame ni shi ne ginin ƙasa ba ya son kaɗaici. Mu da muka taso ana yaɓe kafin damina mun san haka. Gidan da babu mai kwana ciki, ruwan kudu ba ya raga masa, kuma gidaje da dama a can sun koma tudu, itace ya tsiro a tsakar ɗaki. Tun 2007 wurin yake cikin jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Jira ba ya toshe rufi.

Sauran wuraren na labari ne, kowa da yadda ya ɗauke su. Akwai sawun Agboogun, wani rami mai siffar ƙafa a jikin dutse, wanda suka ce yana daidai da ƙafar kowa sai ta maye. Na zura tawa, ta zauna, Yaya ya ce alhamdu lillahi, yau dangi sun huta da zargi. Akwai wasu zane-zane a fuskar dutse da ake cewa rubutu ne da ba wanda ya iya karantawa. Ni dai na fi zaton aikin ruwa da iska ne. Sai rafin Arun, ruwa garai-garai mai sanyin ƙanƙara, wanda 'yan garin ke cewa yana magani. Mu alwala muka yi da shi, muka samu falalen dutse muka yi azahar. A kan duwatsun nan ne wani ɗan kwaɗo yake rayuwa, wanda masana ba su same shi ko'ina a duniya ba sai Idanre. Na leƙa ramuka da dama, ban dace ba.

Daga can ana hango Orosun, dutsen da masu addinin gargajiya na garin ke girmamawa, kuma ana yi masa biki duk shekara wajen watan Mayu. Ɗan jagora ya ce a irin waɗannan bukukuwa tsohon garin kan sake cika da mutane, har shi Owa yakan hau.

Mai niyyar zuwa ya fara da sassafe, kafin rana ta gasa dutse. Ya riƙe ruwa fiye da yadda yake zato, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya bar silifa a mota. Da damina falalen nan santsi ne da shi kamar an shafa karkashi. Kuma kada ya raina saukowa, don a nan gwiwa take karɓar nata rabon. Yaya da gefe-gefe ya sauko yana dafa kafaɗata, muna isa ƙasa ya ce ba inda za shi sai an nemo masa sakwara da miyar agushi.